Baba Fiyus Ya Ajiye Fulaya

Kafin sauran masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, Baba Fiyus ya riga ya share gaban nasa, ya yayyafa ruwa, ya fito da bencin da baƙi ke zama. Shagon ɗan tsukuku ne, mutum uku suka shiga sai an yi ta "gafara in wuce". A bango akwai ƙusoshi, kowace da nata naɗin waya: ja mai kauri, baƙa, da shuɗiya siririya. Teburin aikinsa duk tabon dalma ne. A aljihun gaban rigarsa kuwa ba a rasa abu biyu, ɗan batirin tocila da fiyus. Matarsa ta gaji da tsintar su a ruwan wanki har ta daina magana.

Sana'arsa haɗa kayan sauti a mota. Ka kawo masa rediyo da sifiku da amfilifaya, wato akwatin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya jera maka su yadda za su yi aiki tare ba tare da sun cinye batir ko sun ƙona motar ba. Kowace mota aka tsayar a gabansa, abin da yake fara yi ɗaya ne. Zai buɗe bonet, ya kwance baƙar wayar batir, ya ture ta gefe. Ko leƙawa kawai aka ce ya yi, sai ya kwance. Masu gaggawa sun sha yin tsaki a kan wannan, shi kuwa bai taɓa ɗaga kai ya dube su ba.

A wannan watan ne ya ajiye aiki, bayan ya shafe mafi yawan rayuwarsa kansa na cikin but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motocin mutane. Ba za a yi masa taro ba, ba kuma wanda zai ba shi lambar yabo. Shi ya sa muka ga ya dace a faɗi ko wane ne shi tun yana raye, yana iya karantawa da idonsa.

Sunan nan na Fiyus ba haka kawai aka laƙaba masa ba. Jar wayar da ke kai wuta daga batir zuwa amfilifaya doguwa ce, tana bi ta ƙarƙashin kafet tun daga gaban mota har bayanta. Idan ƙarfe ya goge ta ya ci robar da ke jikinta, wuta ce za ta tashi a ƙarƙashin ƙafar mutane. Don haka Baba ba ya sakin mota sai ya sa fiyus, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, a kan wayar nan dab da batir, kada ya wuce tsawon hannu. In babu wanda ya dace a shago, motar za ta kwana. Ka yi lallashi, ka yi fushi, ka kira sunan wanda ya aiko ka, duk ɗaya ne.

Mai facin tayar da ke maƙwabtaka da shi yana da labarin da ba ya gajiya da bayarwa. Wata mata ce ta dawo a fusace, bayan motarta cike da yara, ta ce kiɗan da aka haɗa mata ya ɗauke a tsakiyar hanya, aikin banza aka yi mata. Baba ya nufi motar. Ya kwance batir, ya ɗaga kafet, ya nuna mata inda ƙarfen kujera ya ciji jar wayar saboda yawan tura kujerar gaba da baya. Wurin ya yi baƙi ƙirin. Sannan ya zaro fiyus ɗin da ya ƙone ya ɗora mata a tafin hannu.

"Wannan ne ya mutu a madadin motar," in ji shi.

Matar ta dubi wayar, ta juya ta dubi yaranta. Mai faci ya ce har yau fiyus ɗin yana rataye a jikin makullinta.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka cusa waya ne kawai a rami. Amfilifayar da aka fi kawo masa mai baki huɗu ce, wato hanyoyi huɗu da sauti ke fita. Baki biyu yakan ba sifikun ƙofofin gaba, su ɗauki murya da ƙananan kayan kiɗa. Sauran biyun ya gama ƙarfinsu wuri guda ya ba wufa, babbar sifikar nan mai fitar da gurnanin da ake ji a ƙirji. Baƙar waya gajeriya yake yanka ta, ya kankare fenti har sai ƙarfen mota ya fito fes, sannan ya ɗaure ta tamau. Wayoyin da ke ɗauko sauti daga rediyo kuma ba ya barin su kwana gefe ɗaya da jar wayar wuta. Ita ta bi dama, su su bi hagu. In aka haɗa su hanya ɗaya, wani siririn kuka kamar na sauro zai shiga cikin kiɗan, yana tashi duk lokacin da aka taka totur.

Batirin tocilan nan na aljihunsa kuwa shi ne alƙalinsa. Zai ɗora tafin hannunsa a fuskar sifika, ya taɓa wayoyinta biyu a kan batirin. In ta turo waje, an haɗa daidai. In ta ja ciki, an juya wayoyin. Haka yake bin su ɗaya bayan ɗaya, ko sifika nawa ce a motar.

Da samarin da ke son but ya riƙa girgiza unguwa, wasa yake yi. "Kiɗa kake so ka ji, ko so kake maƙwabta su tsane ka? Faɗa mini, don kowanne da irin wayarsa." Su yi dariya, ya haɗa musu, amma ya rage musu ƙarfin amfilifaya daidai inda sifika ba za ta yage ba. Su je gida su murɗa, su dawo da ita a ƙone suna rantsuwar ba su taɓa komai ba. Ya shinshina sifikar ya ce, "To ai shi ke nan, aljanu ne."

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa ɓoye mummunan ɗauri a ƙarƙashin kafet don ya san ba mai gani ba. Kai ne mai naɗe kowane haɗi kamar gobe za a zo dubawa. Maƙi gaggawa, mai sa mota ta kwana don mai ita ya kwana lafiya.

Sai dai aikin da ya ciyar da shi ya karɓi wani abu a wurinsa. Shekara da shekaru yana durƙushe a but, wufa na ruri a gefen kansa, kunnuwansa suka fara tafiya. A hankali abin ya zo. Siraran sautuka ne suka fara ɓacewa. Ranar da ya tabbatar, wani mai mota ne ya dawo ya ce akwai kuka a cikin kiɗansa. Baba ya shiga ya zauna, aka tayar da mota, aka taka totur. Mai motar ya ɓata fuska ya ce, "Ka ji shi ko?" Dogo, tsohon yaron shagonsa wanda yanzu shi ma magidanci ne da 'ya'yansa, ya gyaɗa kai daga waje. Baba bai ji komai ba. Ya ce, "Na ji," ya fito ya gyara wayar bisa sanin da ya yi wa aikin. Mai faci ya ce ranar ko shayinsa bai sha ba.

Bai faɗa wa kowa ba. Tsoro yake ji, kuma tsoron yana da dalili. Wa zai kai motarsa a haɗa masa sauti wurin wanda ba ya ji? Gani yake ranar da maganar ta fita, sunan da ya gina duk rayuwarsa zai zama abin barkwanci a layin. Sai ya koyi dabaru. Ya riƙa kallon bakin mai magana. Idan an gama aiki ya ce wa Dogo, "Shiga ka saurara, in ga ko har yanzu kunnenka na aiki." A gida, in matarsa ta yi magana daga kicin bai kama ba, sai ya ce hankalinsa na wani wuri. Daga ƙarshe ya yanke shawarar barin aikin kafin asirinsa ya tonu, ya fara gaya wa mutane gwiwa ce ta dame shi. Bayan tsoron sunansa akwai wani da ya fi shi girma, wanda ko a ransa ba ya son taɓawa: me zai rage wa mutumin da bai san komai ba sai sauti, ranar da duniya ta yi masa tsit?

Ana cikin haka wani direban tasi ya tsayar da motarsa a gaban shagon. Mutum ne mai ɗan jiki, mai yawan murza hula a hannu.

"Baba, so nake ka sa mini wanda ya fi kowanne ƙara. Wanda babu na gaba da shi."

"A tasi? Fasinja za ka kora?"

Direban ya zauna a benci ya yi bayani. Matarsa ce. Wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, ta tashi, amma jinta bai tashi tare da ita ba. Likitoci sun ce ba zai dawo ba. Mace ce da ko shara take yi sai ta rera waƙa, yanzu gidan ya yi shiru kamar ba kowa. Ya je wani wuri an sa masa wufa biyu a but, ya ɗauke ta a mota ya murɗa har ƙarshe. Shi kansa ya yi ta sarawa, ita kuwa ta dube shi ta ce ya kashe, ba ta jin komai sai karkarwar gilashi.

"Na ce ko ƙarfin ne bai isa ba," in ji direban.

Baba ya kwance batir, ya buɗe but, ya zaro batirin tocilansa. Ya ɗora hannu a wufa ta farko, ta turo waje. Ya ɗora a ta biyu, ta ja ciki.

"Zo ka taɓa. Ka ga? Wannan na turawa, wannan na ja. Duk abin da ɗaya ta yi, ɗayar na gogewa. An juya waya ne."

"Ashe cutata aka yi!"

"Ba cuta ba ce, sauri ne. Ni ma na taɓa yi." Ya rufe but ɗin. "Amma ko na gyara, ba zai yi maka abin da kake so ba. Kunnen ya tafi, ɗana, ka daina yi masa ihu. Ka ci gaba da haka, naka ne zai bi bayansa. A ina take zama?"

"A gaba, gefena."

"To bar mini motar."

Ya cire wufa biyun gaba ɗaya. Ya sa kafinta ya yi masa wani akwati mai faɗi marar tsayi, ya sa wufa ɗaya a ciki, ya tura shi ƙarƙashin kujerar gaba. Bai ajiye shi a kan kafet yadda aka saba ba. Da noti ya ɗaure shi a jikin ƙarfen kujerar, yadda duk motsin da ya yi sai ya hau ta ƙarfen ya shiga jikin wanda ke zaune. Baki biyu na amfilifaya ya gama ya ba akwatin, ya murɗa maɓallin da ke tace sauti yadda bugun ƙasa kaɗai zai isa wurin. Sauran baki biyun ya ba sifikun ƙofa, ya rage su ƙasa sosai saboda kunnen direban. Fiyus kuwa yana wurinsa, dab da batir.

Da aka zo daidaitawa, wannan karon bai tura Dogo ba. Ya nemi auduga ya toshe kunnuwansa, don ya kashe ɗan jin da ya rage masa, ya shiga ya zauna a kujerar ya rufe ido. Dogo na baya yana murɗawa, Baba na yi masa alama da yatsa, ƙara, rage, tsaya. In ƙarfin ya yi yawa, komai sai ya cakuɗe ya zama girgiza kawai. In ya yi kaɗan, sai ya ɓace a cikin soson kujera. Abin da yake nema shi ne inda kowane bugu zai fito daban, a gane farkonsa da ƙarshensa. Ya daɗe a kujerar nan fiye da yadda aikin ke buƙata. Dogo ya lura, ya ci gaba da murɗawa.

Washegari da hantsi direban ya zo da matarsa. Doguwa ce, fuskarta ba yabo ba fallasa, da gani ta gaji da gwaje-gwajen mijinta, ta biyo shi ne don kada ransa ya ɓaci. Ta gaida Baba da murya mai ɗan ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. Ta shiga ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Direban ya sa wata tsohuwar waƙa da suke so tun suna saurayi da budurwa, bai gaya mata wacce ba ce.

Da farko zabura ta yi, ta leƙa ƙarƙashin kujera. Sannan ta jingina. Mai faci ya bar tayar da ke hannunsa ya matso. Yatsunta suka fara bugun jakar, ɗaya, ɗaya, daidai da gangar. Can sai ta buɗe baki ta kama waƙar, a daidai baitin da mawaƙin yake, ba ta riga shi ba, ba ta makara ba. Muryar ta ɗan karkace, amma waƙar ce. Direban ya kifa kansa a sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Mai faci, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya koma wurin tayarsa yana share fuska da bayan hannu.

Da waƙar ta ƙare ta fito, ta tsaya gaban Baba ta yi masa godiya. Sai ta ƙura masa ido.

"Baba, kai ma ya fara maka, ko?"

Ta ɗauka a hankali ta faɗa. Duk layin sun ji.

"Tun da muka zo nake ganin bakin maigidana kake kallo in yana magana. Haka na yi ta yi ni ma." Ta gyara jakarta. "Kada ka ɓoye, wahala ce kawai. Ka faɗa wa mutanen gida su daina yi maka magana ta bayan kai. Ba a mutuwa, Baba. Ga ni."

Baba ya tsaya da fulaya a hannu. Yana iya yin dariya ya ce gwiwa ce. Ya dubi Dogo, ya dubi mai faci, ya dubi matar da ba za ta ji amsarsa ba sai dai ta gani a bakinsa. Ya juyo da fuskarsa sosai gare ta ya ce, "Ya fara."

Da yamma ya zaunar da matarsa ya gaya mata, yana ta kewaye-kewaye. Ta bari ya gama tsaf.

"Malam, tun yaushe ka daina yi mini faɗa kan ƙarar ƙofar kicin? Kana tsammanin gyara ta aka yi?" Ta matso da kujerarta ta zauna inda zai ga fuskarta. "Jira nake ka faɗa da bakinka."

Abin da ya ji tsoro bai faru ba. Ba wanda ya yi dariya a layin, in ban da mai faci da ya ce yanzu ya samu damar zaginsa hankali kwance. Dogo ya amsa cewa ya daɗe yana bin bayan kowace mota yana sauraren kukan sauron nan kafin a sake ta. Motoci ba su daina zuwa ba. Amma Baba ya tsaya a kan shawararsa, ya miƙa wa Dogo makullin shago da fulayarsa, wannan karon da dalilin gaskiya. Batirin tocilan ne kawai ya ƙi bayarwa. Baba yana nan a benci kullum, kuma har yanzu ba a rufe ƙofar mota sai an kawo masa sifika ya ɗora hannu.

Mun gode, Baba. Mun gode da motocin da ba su kama wuta ba, waɗanda masu su ba su ma san an tsare su ba. Mun gode da kunnuwan da ka ƙarar a kan jin daɗin wasu. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku ɗauki abin da ya bari: ku kwance batir kafin ku taɓa komai, ku sa fiyus inda ya kamata, ku tambayi mai mota wa zai zauna a ciki kafin ku tambaye shi ƙarfin da yake so. Kuma ku toshe kunnuwanku in za ku shiga but, wannan shi da kansa ya ce a gaya muku.

Tasin nan tana biyowa ta layin lokaci zuwa lokaci. Direban ba ya yin hon, ya san ba amfani. Sai ya tsaya a gaban benci, matarsa ta fito ta koma baya, ta bar ƙofar gaba a buɗe. Baba ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya shiga ya zauna a kujerar da ya ɗaure da hannunsa, ya rufe ido har waƙar ta ƙare.